YA BAR TAFIYE-TAFIYE, BAI BAR TAFIYA BA



Yau kwana goma ke nan da wani ƙanenmu ɗan Jangeru ya ajiye aikin da ya shekara uku yana yi wa tafiyar nan, wato bin tawaga duk inda ta nufa, yana ɗaukar hoto yana rubuto mana labarin tafiya. Ya ce zai koma gida ya kama noman rani, ya kuma riƙe rajistar mazaɓarmu. Ba zan faɗi sunansa ba. Duk wanda ke tare da mu ya san wanda nake nufi, wanda kuwa ba ya tare da mu ba ruwansa. A cikin kwana goman nan babu sunan da ba a kira yaron nan da shi ba. Wasu sun ce an saye shi. Wasu sun ce butulu ne, ya ci ya goge baki. Wasu masu ganin kansu masu tausayi sun ce ai asiri aka yi masa, don mai hankali ba ya sauka daga motar maigida mai sanyi ya koma fadama da fartanya. Na yi shiru ina jiran manya su tsawatar, ban ji an tsawatar ba. To tunda ni aka ɗora wa jagorancin matasa, shiru ya ƙare mini. Ina bayan yaron nan, kuma ga dalilaina a fili, don kada gobe a ce a ɗaka na faɗa.

Mu fara da bai wa aikin haƙƙinsa. Rubuta labarin tafiya ba laifi ba ne, kuma yaron ya yi shi da kyau. Ta hannunsa da yawanmu muka san yadda taron Kaduna ya kasance, wa ya zo da kansa wa ya aiko wakili, me aka tattauna a Abuja, wa aka raka filin jirgi zai tafi Umara. Ya kwana a mota, ya ci abincin tasha, ya tsaya cikin rana awa huɗu yana jiran a fito daga ganawa don ya samu hoto ɗaya. Ranar da zai ajiye kuma bai sulale ba. Ya je ya durƙusa gaban maigida ya yi bayani, ya miƙa kyamara da wayar aiki, ya zaunar da wanda zai gaje shi ya nuna masa yadda ake yi. Wanda aka saya ba haka yake fita ba. Mun sha ganin masu sauya sheƙa a jihar nan, mun san kamanninsu. Da daddare suke fita, da safe ka gan su da sabuwar hula suna zagin wanda suka yi wa kirari jiya. Wannan kuwa da rana tsaka ya fita, hularsa na kansa, ya nufi gida. Don Allah ku gaya mini, wane mai kuɗi ne zai sayi mutum ya tura shi Jangeru ban ruwan albasa?

Inda aka ruɗe a kan kalma ɗaya ce. Mu 'yan siyasa idan muka ce “tafiya”, aƙida muke nufi da jama'ar da muka haɗu a kanta. Sannu a hankali wasu sun ɗauka tafiyar ita ce shiga mota. Duk wanda ba a gan shi cikin ayari ana jiniya ba, wai ya bar tafiya. In haka ne, tsohuwar da ke Kware ko Katuru, wadda ba ta taɓa taka Gusau ba, amma ta bi layi tun hantsi har la'asar ta jefa mana ƙuri'a, ita ba 'yar tafiya ba ce ke nan? In shiga mota ce aƙida, ai direbobin tashar Ƙaura sun fi mu duka, sai mu miƙa musu jam'iyyar mu huta.

Ku bari mu yi maganar tafiya ta gaske, irin wadda mutanenmu ke yi. A ƙasar nan tamu, daga Ƙaura Namoda zuwa Moriki zuwa Shinkafi, ko daga Ƙaura zuwa Zurmi har ka fita Jibiya, babu mai hawa mota don nishaɗi. Mutum zai fita sai ya bar wa iyali sallahu kamar mai tafiya Hajji ta ƙasa. Direba ba ya tada mota sai ya tambayi wanda ya fito daga can, “Yaya hanya?” kuma kowa ya san ba ramuka yake tambaya ba. A Fabrairun 2018, a Birane ta ƙasar Zurmi, motar 'yan kasuwa da 'yan biki aka tare, ranar aka kashe kimanin mutum 40. A Disambar 2021, a Gidan Bawa ta ƙasar Sabon Birni, wajen maƙwabtanmu na jihar Sakkwato, matafiya aka cinna wa wuta a cikin mota, fiye da 20 suka rasu. Waɗannan su ne aka ji labarinsu har ƙasashen waje. Waɗanda aka ɗauke biyu-biyu, uku-uku a hanyar dawowa daga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, aka sayar da gona da shanu aka fanso su, ko aka rasa abin fansar, Allah kaɗai Ya san adadinsu. Ka ɗora tsadar mai a kai, tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, sai ka ga ko hanya ta yi lafiya aljihu ba shi da lafiya.

To ɗauki magidancin da matarsa ke fama da doguwar naƙuda, an ce sai asibitin tarayya na Gusau. Yana zaune yana lissafin kuɗin mota, yana jiran gari ya waye don ba mai fita da dare. Ya duba waya ya ga ɗan unguwarsu ya sa hoton farantin kaza a otal ɗin Abuja, ko tagar jirgi da gajimare, an rubuta a ƙasa, “Alhamdulillah, mun sauka lafiya.” Me kake zaton zai ji game da mutanen da suka ɗauki nauyin wannan hoto? Ba zai ce komai ba, mutanenmu akwai kara. Sai ranar zaɓe ya ba da amsa, ko ma ya ja tabarma ya zauna a gida. Yaron da kuke zagi shi ne ke sauka daga mota ya shiga cikin mutanen nan, shi ake tara a majalisa ana cewa, “Kai ɗan gidan wane, mun ga hotunan, mu mi kuka samo muna?” Ku da ke zaginsa daga Gusau da Kaduna ba ku taɓa tsayawa gaban wannan tambaya ba.

Na ji wani yayanmu yana cewa ai tafiya mabuɗin ilimi ce, yaro ya rufe wa kansa ƙofa. Ranka ya daɗe, ai ba a rataya mabuɗi a wuya don ado, ƙofa ake buɗewa da shi a shiga ɗaki. Wanda ya sa wa littafinsa wannan suna, Alhaji Abubakar Imam, ya je Ingila a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, cikin tawagar editocin jaridun Afirka ta Yamma. Ya dawo ya rubuta abin da ya gani, littafin ya fito a 1944. Daga nan sai ya mai da yawo sana'a? A'a. Zariya ya koma, kan teburinsa na Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya ci gaba da aikin da ya sa har yau ɗan firamare ya san sunansa.

Ga kuma misalin da ya faru a nan ƙasar Zamfara. Malam Aminu Kano ya je Landan karatu a 1946, ya ga duniya, ya dawo, daga baya aka kawo shi Maru yana koyarwa a makarantar horon malamai. A wancan zamani malamin da ya yi karatu a Ingila, ga albashi ga daraja, ai ya gama samun duniya. A 1950, shekarar da aka kafa NEPU, ya ajiye aikin ya koma Kano ya rungumi talakawan da ba su da abin ba shi sai addu'a. Da irin bakunan nan namu na yau suna nan, wallahi da sun ce asiri aka yi masa. Ban ce ƙanenmu Malam Aminu ne ba, kada a ja mini magana. Abin da nake nufi, ajiye aiki mai ƙyalli don kama mai nauyi ba baƙon abu ba ne a siyasar Arewa, kuma mutanen da muke rataya hotonsu a ofis haka suka yi.

Ko kakanninmu da ba su shiga aji ba sun san wannan ƙa'ida. Fatake sun yi ta zuwa Gwanja, wata da watanni a bayan jakai, amma ba a yi wa madugu kirari don ya iya ba da labarin Salaga, goron da ya sauke a ƙofar gida ake dubawa. Ɗan ci-rani yakan tafi Ikko ko Fatakwal ko Kumasi, amma da ya ji an ce hadari ya fara haɗuwa a gida, sai ya ɗaure kayansa. Wanda ya zauna can damina ta wuce shi, shi ne uwarsa ke kuka a kansa, shi ake kira ɓatacce. Yau mun kifar da abin, wanda ya dawo gida a kan lokaci shi muke kira ɓatacce.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa game da wannan aiki. Mai rubuta labarin tafiya ba shi ke zaɓar inda za a je ba, wanda ya zuba mai a mota shi ke zaɓa. Tun da can haka abin yake. Baturen nan Clapperton ya ratsa ta Zurmi a 1824, a tafiyarsa ta ganin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi ta Zurmi da Badarawa da Isa a 1853. Sun rubuta garuruwanmu da kasuwanninmu da hanyoyinmu, aka buga a Landan. Gwamnatin Ingila ce ta aiko su, mutanenta suka karanta, su suka amfana. Mutumin Badarawa da aka rubuta garinsa bai ma san an rubuta ba. Shekara 50 bayan wucewar Barth, a 1903, Turawa suka ci Sakkwato.

Ba ina haɗa iyayen gidanmu da Turawa ba ne, Allah Ya tsare. Ina nuna muku ne cewa labarin matafiyi na wanda ya aike shi ne. Ku koma ku duba rubuce-rubucen shekara ukun nan ku ƙirga da kanku, sau nawa aka je Abuja, sau nawa tawaga ta wuni a Galadi ko Kurya? Ba laifin mai kyamara ba ne, inda mota ta tsaya nan yake ɗauka. Sakamakon dai shi ne mun haddace sunayen otal-otal na Wuse da Maitama, su kuwa mutanen can ko sunan garinmu ba su iya rabewa ba. Har yau in ka ce wa wani daga Jangeru kake, sai ya ce, “Ayya, inda aka kwashe 'yan matan nan?” Sai ka tsaya kana bayani cewa waccan Jangebe ce ta ƙasar Talata Mafara, a Fabrairun 2021. Wa ya ga wa a wannan yawon? Mu muka gan su, su ba su gan mu ba.

Yanzu mu zo kan lissafin siyasa, tunda masu zagin suna cewa don kishin jam'iyya suke yi. A 2019 jam'iyyar APC ta lashe komai a Zamfara a akwati. Ranar 24 ga Mayun shekarar Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un gaba ɗaya, saboda ba a yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta ce ba. Kujerar gwamna, sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 7, 'yan majalisar jiha 24, duk suka tafi a zama ɗaya. Ko wane ɓangare kake a lokacin, ko ka yi murna ko ka yi kuka, darasin ɗaya ne. Ba ƙarancin hotuna ne ya jawo wannan ba, hotuna kam an yi su har sun ishi kowa. Aikin takarda ne, aikin mazaɓa, aikin da ba a yi wa tafi, shi aka yi wasa da shi.

Ga 2023 kuma. Masu rajistar zaɓe a jihar nan sun haura miliyan 1.9. A zaɓen gwamna Dauda Lawal ya samu ƙuri'a 377,726, Bello Matawalle ya samu 311,976. Haɗa su biyun, ba su kai 700,000 ba, tazarar kuma 65,750 ce kacal. Wato mutum fiye da miliyan ɗaya masu rajista ba a ga ƙuri'arsu ba. Ina suke? Wasu sun yi hijira sun bar rumfar zaɓensu a ƙauyen da ya zama kufai. Wasu katinsu ya ƙone tare da ɗaki. Wasu suna nan lafiya lau, sun dai yanke ƙauna. Duk jam'iyyar da ta iya nemo ko kashi ɗaya cikin goma na mutanen nan ta gama zaɓe. Kuma ba a nemo su daga tagar jirgi. Sai an samu wanda zai zauna da littafi da biro, ya san cewa mutanen ƙauye kaza yanzu suna zaune a bayan makarantar kaza a cikin garin Shinkafi, ya san wa ya cika shekara 18, wa ke buƙatar a sauya masa rumfa, wace bazawara ce katinta ya ɓata. Wannan shi ne aikin da yaron ya ce zai kama. Ku da ke kiransa maci amana, cikinku wa zai iya kawo mini sunayen ejan-ejan na rumfunan mazaɓarsa ba tare da ya buga waya ya tambaya ba?

Kuma kada mu manta da farkon Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a duk faɗin jihar nan, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da mai a jarka. Makonni aka yi a haka. Ina sojojin baka suka shiga a lokacin? Duk mai taƙama da waya ya zama kurma kuma bebe. Saƙon rasuwa da na suna da na taro, da ƙafa da keke aka riƙa kai su. Wanda ya san gida-gida shi kaɗai ya rage ɗan siyasa a gari. Abin da ya faru sau ɗaya yana iya sake faruwa, kuma jam'iyyar da duk ƙarfinta ke rataye a jikin ƙarfen sabis, ranar da aka kashe shi ta mutu.

Sai ku 'yan uwana matasa, musamman masu layi suna jiran a ba su gurbin da ya bari. Ku nema, ban hana ku ba, dole wani ya bi tawaga. Amma ku shiga da ido buɗe. Aikin nan ba shi da takardar ɗauka, ba shi da fansho, ba shi da ranar albashi sai ranar da maigida ya tuna. Muddin yana kan kujera kai ne ɗan gaban goshi. Ranar da kujera ta suɓuce, ko wani ya kai gulmarka, wayarka za ta yi shiru kamar an binne ta. Mun ga waɗanda suka yi shekara takwas a bayan mota, sun san Dubai sun san Makka, yau ba su da ko akuya, ga mata ga 'ya'ya, ga manyan riguna da ba a cin su. Da yawanmu mun yi difloma a Ƙaura ko Gusau ko Talata Mafara, iyayenmu sun sayar da hatsi sun biya. Ba su biya don mu ƙare a riƙe wa wani jaka har furfura ba. Ƙanenmu ya duba gabansa ya ga shekara talatin na tahowa, ya ce bari ya kafa abin da in an wayi gari babu kowa, yana da shi. Wanda ya kira wannan hauka, ina so in ga nasa hankalin.

Ku tuna abin da ya kawo jirgin ƙasa Ƙaura Namoda a 1929. Turawa ba su shimfiɗa dogo tun daga Zariya, ta Funtuwa da Gusau, don suna ƙaunar fuskokinmu ba. Gyaɗa da auduga suka biyo. Muna da kaya, sai hanya ta zo ta same mu har gida. Kasuwar Shinkafi da ta tara mutane daga Nijar da kudancin ƙasar nan, ba roƙo aka je aka yi ba, dabbobi da hatsi ne suka kira su. Garin da ke da kaya ana zuwa wurinsa ko da wuya. Garin da 'ya'yansa suka watse suna ɗaukar hoton garuruwan wasu, ko an yi masa titi babu abin da zai hau kai sai gawa da 'yan gudun hijira.

Na san abin da za a ce, wace gona? Kuma tambaya ce ta gaskiya, ba zan kauce mata ba. Gonakin nesa da yawa sun koma daji. Akwai ƙauyukan da sai an tara kuɗi an kai wa 'yan bindiga kafin a yi shuka, a sake tarawa kafin a yi girbi. Manomi na duƙe yana aiki, kunnensa na sauraron ƙarar babur. Taki ya yi tsada, man injin ban ruwa ya yi tsada. Duk gaskiya ne. To amma wannan ai hujja ce a kan masu cewa tsoron hanya ne ya sa ya gudu. Wa ya fi shiga haɗari, wanda ke tsakiyar ayari da motar 'yan sanda gaba da baya, ko wanda ke tsaye shi kaɗai a bakin fadama? In tsoro yake ji, ai Abuja zai laɓe.

Sannan ku dubi abin da barin gonar ke jawo mana. A 2024 ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙananan hukumomin biyu, ta tarar kusan ɗaya cikin kowane huɗu na fama da tamowa. A ƙasar da ke da fadamun Gagare da Bunsuru! A jihar da takenta noma ne abin alfaharinmu! 'Ya'yan ƙannenmu ne waɗannan, ba labarin wata ƙasa ba. Kowace kadada da aka noma a kusa da gari, inda ake iya nomawa, tuwo ne a bakin wani yaro. Ban san hoton da ya taɓa shiga cikin yaro ya ƙoshi ba. In duk mai jini a jika ya ce gona ta gagara ya hau mota, to mun miƙa wa mutanen daji abin da suke nema ba tare da sun harba ko harsashi ɗaya ba, wato ƙasar babu mu.

Saura maganar butulci, wadda ita ta fi yi mini ciwo. Biyayya ga na gaba tarbiyyarmu ce, kuma ba ni ne zan koya wa yaro raina ubangidansa ba. Amma mu tambayi kanmu me maigida ke buƙata a wurinmu. Masu yi masa tafi ba su taɓa yin kaɗan ba, ko yau ya yi tari mutum ɗari za su ce ya yi daidai. Abin da ya yi masa ƙaranci shi ne wanda zai gaya masa halin da Jangeru ke ciki ba tare da ya shafa mai ba, da wanda ranar zaɓe zai fito da unguwa guda saboda mutane sun san shi a gona da jana'iza da asibiti. Yaron da ya dawo gida ya riƙe mazaɓa ya fi yi wa maigida hidima fiye da goma masu rige-rigen buɗe ƙofar mota. Kuma ina kyautata zaton maigidan ya san haka, don ban ji daga bakinsa kalma ɗaya marar daɗi ba. 'Yan kanzagi ne suka fi mai kora shafawa.

Don haka ga roƙona, kashi uku.

Ga iyayenmu da shugabanninmu, Allah Ya ƙara muku girma. Kuɗin otal na dare biyu a Abuja zai sayi injin ban ruwa. In ana son a nuna wa matasa cewa tafiyar nan ta san darajar aiki, a fara da yaron nan da ire-irensa, a ba su taki da iri da inji a kan lokaci, tun kafin ruwan fadama ya ja, ba sai an ga zaɓe ya matso ba. A kuma sa wa tawaga ƙa'ida, duk zuwa Abuja ɗaya a biya shi da wuni ɗaya a wata mazaɓa ta Shinkafi ko Zurmi ko Ƙaura, a zauna a kan tabarma a saurari mutane.

Ga masu zagi, yayyena da ƙannena, ku sauke harshe. Mutuncin yaro ɗan mutane kuke taɓawa, yana da uwa tana ji. Wanda ke da hujjar an saye shi ya kawo ta gaban shugabanni, ni zan fara sa hannu a hukunta shi. Wanda ba shi da ita ya ji tsoron Allah. Yau shi ne, gobe kai ne za ka so ka kama wata sana'a, kuma wuƙar da ka wasa ita za a ɗauko.

Ga sauran matasa, ban ce kowa ya zama manomi ba. Wani ɗinki ya iya, wani gyaran waya, wani koyarwa, wani kiwon kaji. Makarantunmu na neman wanda zai tsaya gaban allo, yaran da aka koro daga ƙauyuka na yawo a gari babu mai koya musu ko baƙi. Ka je ka ga duniya in dama ta samu, ka buɗe ido, ka koyo yadda wasu ke yi. Amma ka sa wa fitarka ranar dawowa, kuma ka dawo da abin da za a iya saukewa a ƙofar gida.

Ƙanena, in wannan rubutu ya iso gare ka, ka riƙe abin da ka kama. Kada ka rama zagi, kada ka yi fushi ka ba su abin da suke nema. Littafin rajistar nan ka cika shi gida-gida, albasar nan ka ba ta ruwa a kan kari. In Allah Ya kai mu girbi za mu zo mu saya, da kuɗinmu ba kyauta ba, kuma ranar ni zan riƙe maka kyamara.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Jangeru da Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda da Zamfara baki ɗaya. Allah Ya buɗe mana hanyoyinmu, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya jiƙan waɗanda suka fita ba su dawo ba. Amin.